Gurbin Sifana a Allon Baba

An riga an shigar da Baba Makanike cikin jirgin, an ɗaure gadonsa da bel, Likita ta rataya ledar ƙarin ruwa a ƙugiyar da ke saman kansa, Kyaftin kuwa yatsansa na kan maɓallin tayar da inji, sai ga Kofur ya fito daga rumfar gyara a guje, hannuwansa biyu a gicciye sama da kai. Duk wanda ya taɓa zama a kujerar matuƙin jirgi mai saukar ungulu ya san ma'anar wannan alama: kada ka kuskura ka tayar.

Kyaftin ya zuge ƙaramar tagar gefensa.

"Mene ne kuma?"

"Yallabai, allo bai cika ba. Sifana mai lamba goma sha uku ba ta nan."

Allon da yake nufi wani faffaɗan katako ne a bangon rumfar gyara, inda ake rataye kayan aiki. Kowace sifana, kowace filaya, kowace guduma an zana siffarta da jan fenti a inda take zama, ta yadda da an cire ta, ja zai bayyana. Dokar ɗaya ce, kuma ba ta da sai dai: muddin akwai ja a allo, jirgi ba ya barin ƙasa, don ba wanda ya san ko ƙarfen da ya ɓata yana can kwance cikin inji yana jiran a tashi sama ya yi ɓarna. Wanda ya zana allon da hannunsa, ya kuma tsare dokar kamar ransa, shi ne wannan dattijon da ke kwance a bayan Kyaftin, robar iska a hancinsa, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar.

Bayan an idar da azahar ya faɗi, a kan 'yar hanyar tsakuwa da ta taso daga ɗakunan kwana zuwa rumfar gyara. Likitar sansanin ta ce zuciya ce, kuma ɗan ɗakin shan maganinta mai gado uku bai isa ya riƙe shi ba, dole sai babban asibiti. Ta sama tafiyar minti arba'in ce. Ta ƙasa kuwa awa shida, ga shi ruwa ya cinye gada tun makon jiya. Jirgi biyu gare su, ɗaya an sauke injinsa yana jiran kayan gyara yau sati uku. Saura wannan kaɗai, kuma da hantsin ranar, bayan Kyaftin ya dawo daga kai magani wani ƙauye, Baba da kansa ya hau saman jirgin ya buɗe murfin da ke ƙarƙashin farfela, ya yi aiki da wannan sifana ɗin.

Kyaftin ya janye yatsansa daga maɓallin.

Wata takwas ke nan da aka turo su wannan ƙasa mai nisa, inda ko gaisuwar mutanen ba su iya ba sai da hannu. Ɗakunansu kwantena ce aka raba biyu da falanki, Kyaftin a wannan gefe, Baba a wancan. Falankin nan ba ya rufa wa kowa asiri. Kyaftin ya san tarin Baba, ya san ƙarar ƙafar gadonsa, ya san yadda yake tausasa murya idan jikarsa ce a waya da yadda yake gajarta magana idan matarsa ta fara lissafo abin da ya lalace a gida. Shi ma Baba ya san ranar da Kyaftin ya dawo da gawar wani soja a jirgi ya kasa cin abinci, don washegari ya tarar da kofin shayi a bakin ƙofa.

A rumfar gyara Baba ƙamewa yake ya ce "Yallabai", don Kyaftin ya girme shi a muƙami. Da an dawo ɗaki kuwa sai magana ta juye, ya zama "maƙwabci", wani lokaci ma "ɗan nan", don Baba ya kusa haifarsa. Shi ya shata musu alƙibla da farin fenti a ƙasan ɗaki ranar da suka iso, lokacin da kowa ya rikice ya rasa gabas da yamma. Shi ne mai buga falanki sau uku da asuba, kuma ba ya dainawa sai ya ji an rama masa bugu ɗaya. Shi ne kuma ya saba wa Kyaftin da kada ya hau jirgi sai da alwala. Ya ce shi dai nasa aikin ya ƙare a kan ƙusa da noti, abin da ya wuce nan ba a hannunsa yake ba, to gara mutum ya tafi a shirye.

Abu ɗaya ne ya taɓa haɗa su cacar baki, shi ma na wasa: famfon da ke bayan ɗakinsu, inda suke alwala. Famfon nan ɗiga yake, ɗis, ɗis, ba dare ba rana, kuma daidai saitin kan gadon Kyaftin. Sau huɗu ya rubuta wa masu kula da gine-gine, ko ƙeyarsu bai gani ba. Baba kuwa ko a jikinsa, ya ma samo gwangwanin fenti ya zuba ƙasa, ya shuka tumatir, ya ajiye a ƙarƙashin ɗigon, wai ga mai ban ruwa kyauta Allah ya ba shi. Jiya-jiyan nan, suna zaune a bakin ƙofa bayan la'asar, Kyaftin ya sake tayar da maganar. Ya ce abin kunya ne a ce mutum na maƙwabtaka da makaniken da ke kwance injin jirgi ya mayar, amma famfo ya hana shi barci, kuma in wata rana ya yi gyangyaɗi a sama to alhakin na wuyan mai tumatir.

Baba ya yi dariya har da tari. "Kayan rumfa ba sa fita rumfa, maƙwabci. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa sa ko ƙusa a aljihu ba, sai yau don famfonka?"

Gaskiya ya faɗa. Kowa ya san labarin abokinsa da ya mutu tun suna samari, saboda filayar da wani ya manta a cikin inji. Tun daga nan, in Baba ya kama makanike da ƙarfe a aljihu, ranar sai mutum ya gwammace bulala.

Yanzu ga makanikai shida sun rufu a kan jirgin. An kafa tsani, an buɗe murafu, ana haska tocila cikin kowane lungu da rana tsaka. Wasu sun bi ƙasan rumfar da rarrafe, wasu sun zazzage kwandon tsumma, an ɗaga darduma a tantin da suke salla. Kofur ya sa kowa ya juye aljihunsa, har da Kyaftin da Dogo, mataimakinsa. Aka duba ko'ina, aka caje kowa, ban da mutum ɗaya. Ba wai sun tuna sun ƙyale ba ne, a'a, ko a zuciyar ɗayansu abin bai ɗarsu ba. Wa zai zargi Baba da sa sifana a aljihu?

Da aka yi minti ashirin Likita ta sauko. Mace ce marar hayaniya, amma ranar idonta ya kaɗa. Ta ce wa Kyaftin ita ba ta san komai game da allo ba, abin da ta sani shi ne kowane minti da ya wuce wani yanki na zuciyar mutumin nan mutuwa yake, kuma ba ya dawowa. Ta tambaye shi ko ƙaramin ƙarfe da bai kai tsawon cokali ba ya fi ran mutum.

Kyaftin ya juya wajen Kofur ya ce ya sa hannu a takardar izinin tashi. Kofur ya sunkuyar da kai, hawaye na bin fuskarsa da ta sha baƙin mai, ya ce Baba uba ne a wurinsa, amma ba zai sa ba. Aka kira babban kwamanda a oba-oba, shi kuma ya ce matuƙi ne ke da jirgi, in ya ga zai ɗauki nauyin tashi ba sa hannu, ya ɗauka. Dogo bai ce a tashi ba, bai ce a zauna ba. Ya dai ce a hankali, su biyar ne za su kasance a ciki, ga kuma ƙauyuka a ƙarƙashin hanyar.

Kyaftin ya leƙa cikin jirgin. An lulluɓe Baba da bargon asibiti har wuya, idonsa a rufe, leɓensa ya yi toka-toka. Wallahi da ransa kaɗai ne a ciki da tuni ya tashi. Amma ya san sautin da ƙarfe ke yi in ya faɗa tsakanin haƙoran inji, Baba ya sha kwatanta masa, ya kuma san daga nan ba a yin minti ɗaya a sama.

"A ci gaba da nema," ya ce.

Likita ta dube shi, ta koma ciki. Da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Matuƙi ba ya sa hannu a cikin inji, saboda haka ba shi da abin yi sai tsayuwa yana duban agogo. Minti talatin. Minti arba'in, wato da sun tashi da yanzu suna sauka. Tsayuwar ta gagare shi. Sai ya tuna a rikicin ɗauko Baba jini ya ɓata masa hannu lokacin da ake neman jijiya, kuma shi kansa bai tabbata alwalarsa ta azahar tana nan ba. Ya ce wa Dogo yana zuwa, ya nufi bayan ɗaki da sassarfa, yana roƙon Allah a ransa, roƙo marar tsari, kalma ɗaya yake ta maimaitawa.

Ya tsuguna ya buɗe famfon, ya yi alwala a gaggauce, ya rufe. Har ya miƙe zai tafi sai ya tsaya cak. Wani abu ne ba daidai ba, ya rasa mene ne, sai can ya gane shiru ne. Famfon bai ɗiga ba. Ya duƙa ya duba, ga sabon farin zare an naɗe a wuyansa, ga sawun haƙoran sifana sabo fil a jikin notin. An jawo gwangwanin tumatir gefe, an jingine shi da bango.

Ya yi salati a fili, ya kwasa da gudu, ba wajen jirgi ba, ɗakin shan magani. Da aka kawo Baba, da almakashi Likita ta yanke rigar aikinsa mai haɗe da wando don ta samu ƙirjinsa, aka dunƙule rigar aka jefa bayan ƙofa. Tana nan inda aka jefa ta. Tun kafin ya laluba ya ji nauyin a aljihun cinya.

Ko da ya iso filin da sifanar a sama, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo ta, don sun ga yagaggiyar rigar a ɗaya hannun. Kofur ya karɓa ya ruga ya rataye ta, ya dawo ya sa hannu. Rufe murafu da sauke tsani ya ci wasu mintuna. Sa'ad da ƙafafun jirgin suka rabu da ƙasa, an yi minti hamsin da biyar da gicciye hannun Kofur.

Kyaftin ya karanta addu'ar tafiya kamar kullum, sai dai yau ba Baba a ƙasa yana ɗaga masa babban yatsa. Ya ba jirgin duk wutar da zai iya ɗauka. Daji ya shuɗe a ƙasa, kogi, karyayyiyar gadar, rufin kwano na ƙauyuka. A cikin hular kunnensa yana jin Likita tana ba ma'aikacinta umarni a gajarce, sannan ya ji ta fara ƙirga dannawar ƙirji. Bai waiwaya ba, matuƙi ba ya waiwaye. Bakinsa dai bai daina motsi ba, yana karanta kalmar shahada da ƙarfi yadda za ta shiga na'urar magana, ko Allah zai sa ta kai kunnen Baba.

Suna hango farin ginin asibitin ƙirgar ta tsaya. Sai kukan inji kaɗai ya rage.

"Kyaftin," in ji Likita, "ba sauri kuma."

Dogo ya miƙo hannu zai karɓi tuƙin, Kyaftin ya girgiza kai. Shi ya sauke jirgin, a hankali, yadda Baba yake so, ba tare da ƙafafun sun bugi ƙasa ba.

Washegari suka yi masa salla a rumfar gyara, gaban allon nan da ya cika ba ja ko ɗaya, aka sa akwatin a babban jirgin da zai mayar da shi gida. Aka zo aka yi tambayoyi, aka rubuta rahoto, rahoton ya ce matuƙi ya bi doka, makanikai sun bi doka, ba laifin kowa. Har kwamanda ya dafa kafaɗarsa ya yaba masa. Kyaftin ya ji yabon nan kamar an watsa masa ruwan zafi. Wanda ya limance su ya yi musu nasiha a kan ajali, cewa ba ya gaba ba ya baya, Kyaftin kuma ya yarda da haka har cikin zuciyarsa, bai taɓa shakka ba. Amma yarda daban, abin da ke cin mutum daban. Duk sujadar da ya yi sai ya ji muryarsa yana cewa alhakin na wuyan mai tumatir.

Ya tare Likita a ƙofar ɗakin cin abinci ya tambaye ta tsakani da Allah, da sun tashi a kan lokaci, da Baba ya rayu? Ta ce tana iya yi masa ƙarya ya ji daɗi, amma gaskiyar ita ce ba ta sani ba, wataƙila e, wataƙila a'a. Ta ƙara da cewa da ita ce a kujerarsa, ita ma ba ta san abin da za ta yi ba. Ya yi mata godiya, ya tafi da kayansa yadda ya zo da su.

Shi aka ba aikin haɗa kayan Baba. Ba su da yawa: kaki uku a goge, darduma da ta suɗe a wurin goshi, tabarau mai ɗaurin waya, carbi, da ƙananan takalma ja da ya saya wa jikarsa tun watan farko, ba mamaki yanzu sun yi mata kaɗan. A jikin falankin, daidai kan gado, fenti ya goge a wuri ɗaya, inda yake bugawa.

Rana ta huɗu, bayan la'asar, ya yi ta maza ya kira matar Baba. Ya yi mata gaisuwa, ta amsa da muryar da kuka ya dusashe.

"Kai ne maƙwabcin? Kullum sai ya yi zancenka. Ya ce nauyin barci gare ka."

"Ni ne, Mama."

"Abu ɗaya nake son ji, ɗana. Ya samu azahar?"

"Ya samu, Mama. A jam'i, kafaɗarsa na jikin tawa."

"To alhamdu lillahi."

Nan ya kamata ya yi sallama. Amma sai ya faɗa mata duka, famfon, da tsokanar da ya yi, da sifanar, da minti hamsin da biyar. Ya ce shi ya jawo, ya roƙe ta ta yafe masa. Can sai ya ji wani sauti, ya rasa dariya ce ko kuka.

"Famfo ya gyara maka? Namu na tsakar gida shekara biyu yana ɗiga, kullum sai ya ce sai ya dawo." Ta ja numfashi. "Ba abin yafewa, ɗana. Kwanansa ne ya ƙare. In ya gyara maka, to yana son ka ne. Ka riƙa sa shi a addu'a."

Bayan ta kashe wayar ya daɗe zaune a bakin ƙofa, a gurbinsa, gurbin Baba kuwa ba kowa. Jirgi na can a fili an ɗaure farfelarsa, gobe da hantsi akwai tashi. Da rana ta yi sanyi ya zagaya baya don alwalar magariba. Tumatirin na nan jingine da bango inda Baba ya jawo shi, kwana huɗu ba wanda ya tuna da shi. Ganyen ya yi yaushi ya sunkuya, ƙasar ta tsattsage, 'ya'ya biyu korraye ƙanana na rataye a jiki.

Ya yi alwalarsa ya rufe famfon, ya rufu ruf. Ya jawo gwangwanin ya mayar da shi ƙarƙashi, daidai zagayen tsatsar da ya bari a siminti. Sannan ya kama kan famfon ya murɗa kaɗan, ya ƙara kaɗan, har ɗigo ɗaya ya taru a bakin, ya yi nauyi, ya faɗa kan busasshiyar ƙasar. Ya tsaya a tsugune har na biyu ya biyo baya.